Tace Jini da Na'ura Idan Hanta Ta Gaza ko Guba Ta Shiga Jini

Tace jini a wajen jiki hanyar magani ce da ake zuƙo jinin majinyaci ta bututun roba, a bi da shi cikin na'ura ta rage masa dattin da ya taru, sannan a mayar masa da shi jiki. Nau'insa da kowa ya sani shi ne wankin ƙoda. Wani likitan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera na'urar farko a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1945 ta ceci ran majinyaciya ta farko. A yankin Jazira na Sudan wannan aiki ba baƙo ba ne. Hausawan Rufa'a da na ƙauyukan da ke bin gaɓar Shuɗin Nilu har zuwa Mai Wurno sun daɗe da sanin hanyar Asibitin Ƙoda na Jazira da ke Wad Madani, inda ake kai wanda ƙodarsa ta tsaya. Nasarar wankin ƙoda ce ta sa likitoci suka yi tunanin gwada dabarar a kan wasu cututtuka biyu masu saurin kisa: gazawar hanta, da gubar jini wadda likitoci ke kira sefsis. An shafe fiye da shekara 50 ana gwaji, an kashe dukiya mai yawa, kuma ya kamata a san sakamakon dalla-dalla, musamman a wurin da kuɗin magani ke fitowa daga sayar da amfanin gona ko dabba.

Yadda na'urar ke aiki

Ana fara aikin ne da zura wani bututu mai hanya biyu a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi. Ta hanya ɗaya jini ke fita, ta ɗayar yake komawa. Famfon na'ura yana jan mililita 200 zuwa 300 a kowane minti, ana kuma sa maganin hana daskarewa don kada jinin ya yi guda a hanya. Daga nan sai ya shiga matata, wani gwangwanin roba mai ɗauke da siraran zaruruwa kusan dubu goma, kowanne da rami a cikinsa. Jini yana bi ta cikin zaren, tsaftataccen ruwa mai gishirin da aka auna yana bi ta bayansa. Bangon zaren yana aiki irin na rariyar tankaɗe: ƙananan abubuwa irin su yuriya, fotashiyam da ruwan da ya yi yawa suna wucewa, ƙwayoyin jini da manyan furotin suna tsayawa.

A 1977 Peter Kramer na garin Gotinjen a Jamus ya fito da hanyar yin wannan wanki a hankali, dare da rana ba tsayawa, saboda wanda jininsa ya yi ƙasa ba ya jure wankin awa 4 mai ƙarfi. Ita ce ake amfani da ita yau a ɗakunan kulawa ta musamman.

Akwai kuma wasu dabaru biyu. Ɗaya ita ce a bi da jini ta kan wani abu mai liƙe guba, kamar gawayin da aka sarrafa ko ƙananan ƙwayoyin roba. Ɗayar ita ce musayar ruwan jini: na'ura ta raba ƙwayoyin jini da ruwan ɗorawar da suke iyo a ciki, a zubar da ruwan majinyaci, a maye gurbinsa da na masu ba da gudummawar jini.

Abin da ya sa hanta ta fi ƙoda wuya

Aikin ƙoda mafi girma tacewa ne, shi ya sa na'ura ke iya tsaya mata shekara da shekaru. Hanta kuwa, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, ayyukanta sun wuce tacewa nesa. Ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, ita ke yin albumin, wani babban furotin na jini, ita ke adana sukari ta sake shi lokacin buƙata, ita ke narkar da magunguna, ita ke mayar da amoniyar da ke fitowa daga hanji ta zama yuriya. Idan ta gaza, ido ya yi ɗorawa shar, jini ya riƙa tsatstsafowa daga dasashi ko wurin allura, sukari ya faɗi. Amoniya kuma ta hau kai: majinyaci ya riƙa barcin rana da farkawar dare, ya fara surutai, ya kasa gane iyalinsa, idan ya miƙa hannu sai ya riƙa kaɗawa, daga nan sai doguwar suma. A gazawar hanta ta farat ɗaya, kumburin ƙwaƙwalwa na cikin manyan abubuwan da ke kisa.

Ga wata matsalar kuma. Yawancin gubar da hanta ke fitarwa, kamar bilirubin mai jawo shawara da sinadaran ɗacin matsarmama, ba sa yawo su kaɗai a jini. Suna manne ne da albumin, shi kuma albumin ya fi ƙarfin ramukan matata. Don haka wankin ƙoda na yau da kullum yana kwashe amoniya, amma yana barin waɗancan a baya.

Ba kowane ciwon hanta ne ke kaiwa ga wannan mataki ba, kuma a Jazira bambancin yana da muhimmanci ƙwarai. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar aka buɗe gandun auduga na Jazira a 1925, dodon koɗi ya cika magudanan ban-ruwa, tsargiyar hanji ta zauna a yankin daram. Ma'aikatan gona mazauna sansanonin da ake kira kambo, ciki har da Hausawa da yawa, suna cikin waɗanda ta fi addaba, domin a ruwan magudana suke wanka da wanki. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a hanyoyin jinin hanta ya bar tabo, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙoshi su cika, wata rana mutum ya yi aman jini. Amma a mafi yawan lokuta ƙwayoyin hantar kansu suna ci gaba da aiki. Mai irin wannan ciwo ƙarin jini yake buƙata, da ɗaure jijiyoyin ta na'urar leƙa ciki, da maganin firazikwantel. Na'urar tace jini ba ta da abin da za ta yi masa.

Gazawa ta ainihi tana zuwa ne daga wasu wurare: ciwon hanta nau'in B, wanda ke cin hanta a ɓoye shekaru da yawa, nau'in E, wanda ke bin gurɓataccen ruwan sha, ya yi ɓarna a sansanonin Darfur a 2004, kuma yana iya kashe kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na masu ciki da ya kama a watannin ƙarshe, shan farasitamol fiye da kima, wasu magungunan tarin fuka, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, waɗanda ake ɗura wa mai shawara hantarsa tana cikin wahala.

Na'urorin da aka ƙera domin hanta

Gwajin farko mai ƙarfi da gawayi aka yi shi, a Asibitin King's College na Landan, daga shekarun 1970. An sa masa rai sosai, amma da aka kwatanta shi da kulawa ta yau da kullum a binciken da aka buga a 1988, bai ƙara yawan masu rayuwa ba.

A farkon shekarun 1990 likitoci biyu na Jami'ar Rostok a Jamus, Jan Stange da Steffen Mitzner, suka fito da na'urar MARS. Dabararsu ita ce a sa albumin mai tsafta a ɗaya ɓangaren matata, ya riƙa janye guba daga albumin ɗin majinyaci, sannan a wanke shi da gawayi da wani sinadari a sake zagayo da shi. Daga baya na'urar Prometheus ta biyo, ita kuma tana fitar da albumin ɗin majinyacin ne kansa ta goge shi ta mayar. Babu musu a kan abin da suke yi wa jini: bilirubin yana sauka, ƙaiƙayi mai tsanani yana lafawa, wasu da suka rikice suna dawowa hayyacinsu da wuri. Sai dai manyan gwaje-gwaje uku sun ba da amsa iri ɗaya a kan mutuwa. An gwada Prometheus a kan majinyata 145 a 2012, an gwada MARS a kan 189 masu tsohon ciwon hanta da ya tashi a 2013, an kuma gwada ta a Faransa a kan 102 masu gazawar farat ɗaya a wannan shekarar. Ko ɗaya bai nuna cewa na'urar ta rage mutuwa ba. Na'urorin da aka zuba wa ƙwayoyin hanta masu rai su ma ba su kai labari ba. Babban gwajin ɗaya daga cikinsu, ELAD, a Amurka da Turai ya faɗi a 2018.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Na'urori irin su MARS da Prometheus suna cirewa ne kawai, ba sa haɗa komai. Amfaninsu shi ne su riƙe majinyaci na 'yan kwanaki, kafin hantarsa ta farfaɗo da kanta, domin hanta gaɓa ce mai iya sake tsiro, ko kafin a samu dashe. Inda babu dashen hanta a kusa, kuma hantar ta riga ta ƙanƙance da tabo, kwanakin da aka saya ba su da inda za su kai mutum. Daga Sudan, masu hali Masar ko Indiya suke nufa domin dashe, kuma ba su da yawa.

Musayar ruwan jini

Wannan ita ce hanyar da ta fi samun hujja, kuma ita ce mafi sauƙin fahimta a cikinsu. Tana kwashe guba ko da a manne take da albumin, domin ana zubar da ruwan gaba ɗaya, tana kuma kawo abin da hanta ta kasa yi, tun da sabon ruwan yana ɗauke da sinadaran daskarar da jini. A 2016 aka buga binciken da Fin Stolze Larsen na Kofenhagen ya jagoranta a kan mutum 182 masu gazawar hanta ta farat ɗaya. Cikin waɗanda aka yi wa musaya, kashi 58.7 cikin 100 suka fita asibiti da rai. Cikin sauran, kashi 47.8. Ribar ta fi bayyana ga waɗanda ba a yi wa dashe ba.

Amma sai a dubi abin da aikin ya ci. An musanya lita 8 zuwa 12 a kowace rana har kwana 3. Ledar ruwan jini ɗaya da ake samu daga mai ba da jini ɗaya ba ta wuce rubu'in lita ba. Lita 10 ke nan leda 40 a yini, kwana 3 kuwa leda 120, kowacce sai an gwada ta kan ƙanjamau da ciwon hanta, an daskarar da ita a firizar da wuta ba ta ɗaukewa. A asibitin da 'yan'uwa ke layi don su ba da leda biyu ga mai haihuwa, wannan adadi ya fi ƙarfin ma'ajiyar jini.

Likitocin Indiya ne suka sassauta lamarin. A Delhi wani gwaji na majinyata 40 ya nuna cewa musaya matsakaiciya ma tana taimakawa. A Asibitin Velor da ke jihar Tamil Nadu, inda shan gubar ɓera ke lalata hantar matasa da yawa, an koma musanya kaɗan-kaɗan, ana iya yi har da na'urar raba jini ta ma'ajiyar jini. Wannan tafarki shi ya fi kusa da abin da asibitin koyarwa irin na Wad Madani, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke dashen ƙoda tun 2002, zai iya ɗauka.

Gubar jini

Sefsis yana faruwa ne idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki ta mayar da martani fiye da kima har ta shiga lalata gaɓoɓin mai ita. Mafarinsa na iya zama ciwon huhu, ciwon mafitsara, hanjin da taifot ya huda, mahaifar da ta ruɓe bayan haihuwa, cibiyar jariri, gyambon mai ciwon sukari, ko raunin harsashi da aka bari. Jijiyoyi su saki, jini ya yi ƙasa, numfashi ya yi sauri, fitsari ya ɗauke, hankali ya gushe. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2020 ta ce a 2017 an samu masu sefsis miliyan 48.9 a duniya, miliyan 11 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar da aka yi a duniya, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin yankunan da abin ya fi ƙamari.

Tunanin masu tace jini shi ne, tun da abin da ke rura wutar yana yawo a jini, a kwashe shi. Abubuwa biyu aka sa a gaba: gubar da ke jikin wasu ƙwayoyin cuta na hanji, da sinadaran kumburi da jiki ke fitarwa. Domin ta farko, kamfanin Toray na Japan ya yi matatar Toraymyxin, wadda ake amfani da ita can tun 1994. Wani ƙaramin gwaji na mutum 64 a Italiya a 2009 ya tayar da fata, sai gwajin Faransa na 2015 da na Amurka da Kanada na 2018, mai mutum 450, suka kasa tabbatar da shi. Domin ta biyu aka yi CytoSorb, gwangwani cike da ƙwayoyin roba masu ƙananan ramuka, wanda ya samu izini a Turai a 2011. Shi ma bai nuna raguwar mutuwa a gwajin da aka tsara da kyau ba. A wani ƙaramin gwaji a Firaibug ta Jamus a 2021, kan masu korona 34 da ke kan na'urar huhu, waɗanda aka sa wa matatar sun fi mutuwa. An kuma gwada ƙara ƙarfin wanki ninki biyu, bai canza komai ba.

Matata ba ta bambanta mai amfani da mai cutarwa. Tana kwashe sinadarin da ke rura kumburi tare da wanda ke kwantar da shi, tana kuma iya zuƙe maganin kashe ƙwayoyin cutar da aka sa wa majinyaci. Ga haɗarin bututun wuya, wanda shi kansa ƙofa ce ga sabuwar cuta, ga zubar jini, ga faɗuwar ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Shi ya sa ƙa'idojin duniya na kula da sefsis da aka sabunta a 2021 suka ba da shawarar kada a yi amfani da matatar irin ta Toray, suka ce sauran kuma babu isasshiyar hujja a kansu. Abin da suka ƙarfafa shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya ga wanda jininsa ya faɗi, ƙarin ruwa da lura, iskar oksijin, maganin ɗaga jini, da kawar da tushen cutar, ko da tiyata ne. Ya kamata a lura cewa duk gwaje-gwajen nan a Turai, Amurka da Asiya aka yi su. Binciken da aka yi a Yuganda, Kenya da Tanzaniya a 2011 ya nuna cewa ɗura wa yara masu zazzaɓi mai tsanani ruwa da sauri, abin da ake ɗauka a matsayin ceto a wasu ƙasashe, ƙara mutuwa ya yi. Sayen matata mai tsada bisa tallar kamfani, alhali ba ta tabbata ko a inda aka ƙera ta ba, ɓarnar kuɗin talaka ne.

Inda na'ura ke ceton rai

Akwai wuri ɗaya da ba a jayayya. Idan sefsis, gazawar hanta, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, saran maciji ko kwalara suka tsayar da ƙoda, fotashiyam ya hau har yana barazana ga zuciya, ruwa ya cika huhu, to wankin ƙoda ceto ne, kuma sau da yawa ƙodar tana dawowa cikin kwanaki ko makonni. A Biyetnam, binciken 2002 a kan mutum 70 da zazzaɓin cizon sauro ko sefsis ya tsayar wa ƙoda ya nuna mutuwar kashi 15 cikin 100 ga waɗanda aka tace wa jini da na'ura, da kashi 47 ga waɗanda aka wanke ta ciki. Duk da haka wankin ciki, inda ake zuba ruwan magani a cikin majinyaci ta bututu a bar shi ya ja datti a zubar, bai rasa matsayinsa ba. Ba ya dogara da wutar lantarki, ya fi sauƙi ga ƙananan yara, kuma Sudan ta kafa shirinsa na ƙasa a 2005.

Likitocin Sudan sun san wani misali da idonsu: baƙin rinin da ake gauraya da lalle. Wanda ya sha shi, wuya da harshe su kumbura har su toshe numfashi, tsoka ta narke, fitsari ya koma baƙi-baƙi, ƙoda ta tsaya. Na'ura ba ta cire rinin daga jini. Riƙe majinyaci take yi har ƙodarsa ta murmure, kuma hakan ya ishe ta ceto mutane da yawa.

Wanki ɗaya na awa 4 yana cin kusan lita 120 na ruwan da aka tace sosai, ban da wanda ake zubarwa wajen tacewar. Yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, sabuwar matata da bututai kowane zama, ɗakin gwaji, da ma'aikacin jinya ƙwararre. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya taɓa kowanne daga cikinsu. Majinyatan Hartum sun yi gudu zuwa Wad Madani, sai ita ma ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamba 2023, tare da Rufa'a da Hasahisa. A Oktoba 2024 aka kai munanan hare-hare a gabashin Jazira, a Tambul da Rufa'a da ƙauyukan kewaye, ana kuma cikin annobar kwalara da aka ayyana a Agustan shekarar. Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairu 2025. Duk kuɗin da za a zuba wajen tayar da asibitocin yankin, cibiyoyin wankin ƙoda da ma'ajiyar jini mai firiza da wutar rana su suka fi cancanta da shi, sannan allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ga jarirai, da firazikwantel ga mazauna bakin magudana, da ruwan sha mai tsafta. MARS da CytoSorb suna can ƙarshen layi.

A gida kuma, lokaci shi ne abin da iyali ke da iko a kai. Mai shawarar da ya fara surutai ko barci mai nauyi, mai cikin da idonta ya yi ɗorawa, mai jego ko jaririn da zazzaɓi ya haɗe masa da saurin numfashi, da duk mara lafiyar da ya yini bai yi fitsari ba, a kai su asibiti a ranar, a tafi da kwalin duk maganin da suka sha da 'yan'uwan da za su iya ba da jini.